Gatarin Yaya da darbejiyar gidana

Yayana mai saran itace ne, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya tunkari bishiya da gatari a hannu ba. Jingine shi yake yi a nesa, ya je wurinta hannu rabbana, ya zagaya ta, ya ɗaga kai ya duba inda ta karkata da inda nauyin rassanta ya fi yawa, ya ɗebi ƙasa ya sheƙa don ya ga inda iska take kaɗawa. Mai gida yana tsaye yana ƙosawa, shi ko a jikinsa. Sai ya gama wannan zagaye kamar mai neman aure, sannan ya koma ya ɗauko gatarin, ya juya shi ta ƙeya, ya ƙwanƙwasa gindin bishiyar, ya kara kunne. Da kunnen nan yake sanin ko cikinta lafiyayye ne ko gara ta cinye ta bar kogo. Bishiya mai kogo ita ce ke kashe masu sara, domin ba ta faɗuwa inda aka nufe ta, kuma ba ta jiran a gama.

Ni ce autar gidanmu, shi ne babba, ya girme ni nesa ba kusa ba. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya aurar da ni a Ƙofar Marke ga wani mai sayar da hatsi. Bakina ba ya shiru, kowa ya sani, kuma a duk dangi ni kaɗai ke iya gaya wa Yaya magana ya yi dariya maimakon ya ɗaure fuska.

Ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da abokin aiki, Kirista, mutumin wajen Zuru, wanda ya zo Sakkwato tun yana saurayi ya zauna a Gawon Nama har bakinsa ya koma irin namu. Muna ce masa Baban 'Yan Biyu. Siriri ne, dogo, shi ke hawa sama ya sassare rassa ya ɗaura igiya, Yaya kuwa mai ƙirji ne, shi ke gindi. Ranar Juma'a ba su aiki saboda Yaya, ranar Lahadi ba su aiki saboda shi, har mahaifiyarmu takan ce ba ta taɓa ganin malalata masu hujja irin su ba.

Shekarun nan da soja ke mulki, kuɗin mai suka shigo, aiki ya yi musu yawa har suna ƙi. Gari ya zama babban birnin jiha, ma'aikata sun cika ko'ina, ana faɗaɗa hanyoyi, ana kafa turakun lantarki, kowa ya samu 'yan kuɗi sai ya rushe ɗakin ƙasa ya tayar da na siminti ya rufa kwano. Duk inda za a yi haka kuwa akwai wata darbejiya ko madaci ko tsamiya da ta tare wuri. Masu sara suka yi yawa, har da waɗanda jiya-jiya suke tura baro a kasuwa. Muna jin labarinsu: wannan bishiya ta danne masa ƙafa, wancan ya kayar da gawo a kan katangar mutane, wani ya sari reshe zuma ta taso masa yana sama ya saki hannu. Yaya da abokinsa kuwa ko ƙwarzane ba a taɓa yi a wurin aikinsu ba, kuma ina alfahari da haka kamar ni ke riƙe gatarin.

Na san yadda suke yi, don Yaya ba ya gajiya da faɗa. Kafin a taɓa bishiya sai an share hanyar gudu, a kwashe duk wani dutse da ƙirare da zai iya harɗe ƙafa. Hanyar ba ta miƙewa ta bayan bishiyar, a karkace take, domin gindin itace yakan yi tsalle ya yi harbi da baya idan ya faɗi. "Kowa yat tsaya bayan icce, ya tsaya bayan jaki," in ji shi. Busassun rassa ana sauke su tun farko, kada girgiza ta sako su a kan mutum. Sannan a buɗe baki a gefen da ake so ta faɗa, a zagayo ta baya a yi yanka sama kaɗan da bakin, amma ba a haɗe su. Ana barin wani ɗan tsiri a tsakiya wanda Yaya ke ce wa linzami, shi ke riƙe bishiyar ya kwantar da ita inda aka ce. Daga nan sai a kafa wani ƙarfe mai faɗin baki a cikin yankan baya, a riƙa dukansa da guduma a hankali. Da bishiya ta yi kukan farko, wannan ƙarar ta tsagewa, sai a ajiye komai a bi hanyar gudu, ba waiwaye. Duk aikin da kunne ake yinsa: jin kogo, jin kukan bishiya, da jin abokin aiki idan ya ce a dakata.

Wata bazara sanƙarau ya kwantar da Yaya. Mun fid da rai, Allah ya tashe shi. Ya rame, ya mayar da jiki, ya koma aiki, kowa na ta barka. Ni ce na fara lura cewa ciwon bai tafi hannu banza ba. Idan ka yi masa sallama ta baya ba ya amsawa. Ya koma kallon bakin mutane maimakon idonsu. Mutumin da a da sai an ja shi da hira, ya zama shi ke fara magana ya yi ta yi, don kada a tambaye shi abin da bai ji ba. Maigidana ya gaya mini cewa a masallaci Yaya yana satar kallon na kusa da shi kafin ya yi ruku'u. Amma ko sau ɗaya bai taɓa ce wa kowa a maimaita masa magana ba. Yakan yi murmushi ya gyaɗa kai, ko ya amsa wata tambayar da ba a yi ba.

Na same shi wata ranar Juma'a da hantsi yana zaune a zaure yana wasa gatari. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Yaya, magana ta kawo ni."

Ya ce, "Lahiya lau suke, sun tahi makaranta."

Zuciyata ta karye, amma na dake. Na matso gabansa inda zai ga bakina, na nuna kunnena da yatsa, na ce, "Ba ka ji, Yaya. Ka bar aikin ga kahin icce shi kashe ka."

Ya gane sarai. Ya ajiye dutsen wasan, ya dube ni.

"Ke auta, kunnena lahiya lau. Ku ka magana ciki-ciki awa waɗanda ba su ci tuwo ba." Ya nuna cikin gida da haɓa. "Ɗiyan ga da kika gani, da gatari nika ciyad da su. In aje shi in ɗauki mi? Allura?"

Na ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Bai ga bakina ba, don ya riga ya sunkuya ya ci gaba da wasa gatarinsa, na tashi na fita ina share ido da bakin mayafi.

Da na ga nan ba ci, sai na tare Baban 'Yan Biyu wata rana da ya kawo mana itacen girki. Ban yi masa kwana-kwana ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanwata, na sani tun ran da yat tashi daga ciwon. Namiji ba a amshe mai gatari, shi ka aje abinai da kainai. Kahin nan, ni ka zama kunnenai."

Ya kuwa zama. Ya nuna mini wata siririyar igiya da yake yawo da ita a aljihu. Idan Yaya ya sunkuya a gindin bishiya, sai ya cusa masa bakin igiyar a ƙugun wando, shi ya riƙe ɗaya bakin. In ya ja, Yaya ya tsaya. Ba ya ɗaurewa, cusawa kawai yake yi, don idan ta sarƙe da wani abu lokacin gudu ta zare da kanta, kada ta riƙe mutum a ƙarƙashin bishiya. Ƙwanƙwasa gindi ma sun sake mata tsari: Yaya ya buga, shi ya kara kunne, Yaya kuma ya dafa tafin hannu a jikin bishiyar yana jin motsinta. Na tambaye shi me Yaya ya ce ranar da ya fara cusa masa igiyar. Ya ce bai ce komai ba, shi ma bai ce komai ba, aiki kawai suka ci gaba da yi. Har yau idan na tuna wannan sai in ji mutumin ya ƙara girma a idona. Ya san kowace safiya da wa yake shiga ƙarƙashin bishiya, kuma bai fasa ba.

Haka suka yi damina ta wuce, kaka ta wuce, ba abin da ya faru. Har na fara ce wa kaina wataƙila ni ce mai tsoro.

A tsakar gidana akwai wata tsohuwar darbejiya, tun kakan maigidana. A inuwarta nake daka, a nan yara ke barcin rana. Da maigida ya samu buɗi ya gina ɗaki na siminti da rufin kwano, sai saiwarta ta fara tsaga masa bango, ga shi kuma ana shirin jawo mana wuta, masu aikin suka ce rassanta sun tare hanyar waya. Ya ce a sare. Na ce to, amma a kira wasu. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Yayanki na garin ga, in kirawo baƙo shi sare mani icce? Da wane ido ni ka kallonai?"

Gaskiyarsa. Da an kira wani, da duk unguwa ta san dalili, kuma da na yi wa Yaya abin da ciwo bai yi masa ba. Na yarda, amma ban ci abincin kirki ba har ranar.

Suka zo da safe. Aka kwashe yara da awaki zuwa maƙwabta, maigida ya tafi kasuwa don yana da buhuna da za a sauke. Yaya ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa a bakin zaure, ya ce in na ƙetare shi zai tattara kayansa ya tafi. Na tsaya a bayan layin. Daga nan ina ganin komai.

Aikin ranar ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wurin ƙunci ne: ɗakin siminti a hagu, rijiya da madafa a dama, ba inda bishiya za ta kwanta sai wani ɗan fili a tsakiya. Baban 'Yan Biyu ya hau ya rage rassa ɗaya bayan ɗaya, yana sauke manyan da igiya don kada su fasa kwano. Ya ɗaura igiya mai kauri a sama, ya sauko, suka ja ta suka ɗaure a turken da suka kafa a ƙarshen filin. Yaya ya share hanyar gudunsa har da tsintsiyata. Ya buɗe baki, saransa yana faɗawa wuri ɗaya, ɓawon itace yana tashi fari fat, ɗacin darbejiya ya cika gidan. Suka zagayo baya da zarto. Da suka bar linzami, Yaya ya kafa ƙarfen ya ɗauki guduma, abokinsa ya cusa masa siririyar igiyar ya ja gefe yana kallon sama.

A nan ne Baban 'Yan Biyu ya hangi matsala. Babbar igiyar ta maƙale a kusurwar rufin kwano. Idan bishiyar ta taho a haka, igiyar za ta ja ta ta karkace ta faɗa kan ɗakin. Ya ce, "Dakata!" ya ja siririyar igiyar. A daidai lokacin Yaya ya miƙe, ya jingine gudumar a ƙafarsa. Baban 'Yan Biyu ya ga ya tsaya, ya saki igiyar, ya nufi gaban bishiyar da sanda don ya zare wadda ta maƙale.

Ni kaɗai na ga abin da ya faru. Siririyar igiyar ta riga ta zame daga ƙugun Yaya tun yana sunkuye, tana yashe a ƙasa. Ba saƙo ya ji ba. Gumi ne ya shiga masa ido, ya tsaya ya goge da hannun riga. Ya goge, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gudumar.

Na yi ihu har maƙogwarona ya fashe. Na cire takalmina na jefe shi, ya same shi a baya, amma guduma ta riga ta sauka. Bishiyar ta yi kuka. Shi bai ji ba, sai dai ya ga yankan yana buɗewa, ya yar da gudumar ya bi hanyarsa a karkace, ba waiwaye, kamar yadda ya koya wa kowa. Abokinsa ya ji kukan yana tsakiyar fili. Ya yi tsalle ya faɗa gefen rijiya, gangar jikin bishiyar ta wuce shi, amma wani reshe ya make shi a kafaɗa ya danne masa hannu. Gidan ya girgiza.

Yaya ya juyo yana murmushi, don ta kwanta daidai inda ya nufe ta, ko kwano ɗaya ba ta taɓa ba, igiyar ma ta fizge kanta daga kusurwar. Ya nemi abokinsa da ido a inda ya bar shi, bai gan shi ba. Sai ya dubi fuskata.

Ban san yadda aka yi mutum ɗaya ya ɗaga reshen nan ba. Kafin maƙwabta su shigo Yaya ya riga ya sa kafaɗa ya ɗaga, ni na jawo Baban 'Yan Biyu ta riga. Hannun ya karye, baya ya ɗaye, amma yana numfashi, yana ma magana. Yana dukan ƙirjinsa da lafiyayyen hannun don Yaya ya gane, yana cewa, "Laihina na. Ni nis shiga gaba." A kwance cikin jini, mutumin nan bai daina rufa masa asiri ba.

Yaya ya durƙusa ya riƙe masa hannun ya sauke daga ƙirjin. Mutane sun cika tsakar gida a lokacin. Ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

"Kak ka ɗauka. Ka yi kira ban jiya ba, ko? Ba ni ji, abokina. Tun ciwon nan ba ni ji."

Aka kai shi wurin mai ɗori, daga can aka wuce da shi gida. Hannun ya warke daga baya, sai dai bai ƙara miƙewa sosai ba, ya bar hawa sama ya koma gindi, ya ɗauki wani ƙaninsa yana hau masa. Amma a ranar ba wanda ya san haka, mai ɗori ma cewa ya yi sai abin da Allah ya yi.

Washegari Yaya ya zo gidana, ya nemi izinin maigida, ya ce in raka shi Gawon Nama. Muka tafi a ƙasa, yana gaba ina baya, motoci da babura suna ta yi masa oda yana tafiyarsa, ni ke jan rigarsa gefe. Ban san me zai yi ba. Tsoro nake ji, don na san matar Baban 'Yan Biyu. Malamar firamare ce, ba ta da hayaniya, amma ba ta ɓoye abin da ke ranta.

Muka tarar da mijin a kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki, hannu a ɗaure da karare, tagwayen suna zaune kusa da kansa. Akwai mutanen cocinsu da suka zo dubiya, da maƙwabta. Matar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Yaya bai hau tabarmar ba. A ƙasa ya zauna, gabanta, mutumin da ya girme ta, ya cire hula.

Ya ce, "Maman 'Yan Biyu, ni nik karya mijinki. Na san ba ni ji, nib bari shina shiga ƙarƙashin icce da ni. In ni icce yak kashe, sai a ce ajali, ɗiyana su yi haƙuri. In shi na, mi za ni ce maki? Na aje gatari. Ba ni ƙara saran icce mai rai har in mutu. Na zo ki yahe mani."

Mijin ya yi yunƙurin magana, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Kanta a sunkuye yake, tana murza bakin zane. Da ta yi magana ma ba ta ɗago ba, a hankali ta yi, don haka Yaya bai ga bakinta ba. Kowa ya ji sai shi.

Na zaci zai gyaɗa kai ya yi murmushin nan nasa. Sai ya juyo gare ni, a gaban baƙi da yara da maƙwabta, ya ce, "Auta, mi tac ce?"

Na tashi na durƙusa kusa da shi, na kai bakina saitin kunnensa na dama, wanda ya rage da ɗan saura. Maganar ba ta faɗa da ƙarfi ba ce, amma ba yadda zan yi, na ɗaga murya har ana ji a waje.

"Ta ce da ya mutu, da ba ta yahe ma ba har abada. Amma tunda ka zo da ƙahwarka ka hwaɗi da bakinka, ta yahe."

Ya dubi ƙasa, ya ce, "Ta yi gaskiya." Ya mayar da hularsa, ya ɗauki kwanon ruwan da ta kawo ya sha.